Tsoho a Sama, Sabo a Ƙasa

Hamamatsu,
12 ga Nuwamba.

Zuwa ga Yayana Shinpei,

Gaisuwa mai tarin yawa daga gida, da fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti Kanae da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sassauta muku sanyin Jamus ɗin nan da kake kuka da shi kamar kai kaɗai yake kamawa. Mu nan kowa lafiya. Lemun bayan gida ya nuna, Baba ya hana kowa tsinka wai sai ya ƙara zaƙi, tsuntsaye kuma ba wanda ya sanar da su dokar. Maigidana Tatsuro yana nan yadda ka san shi, ya fita da safe da laima, ya dawo da yamma babu ita. Gwaggo Tomie ta cika tamanin a watan jiya. Gwiwa ce kawai ke damunta, bakin kuwa ko tari bai taɓa yi ba. Ranar tunawa da Mama mun je kabari, mun wanke dutsen, mun sa furanni, na kunna turare guda da sunanka tunda kai ba ka samu zuwa ba.

Na zaɓi in rubuto ne domin abin da zan faɗa ba zai shiga wayar Lahadi ba. Ka san yadda wayar take. Kai ka yi minti goma kana magana, Baba yana cewa “eh, eh, haka ne”, ka ajiye kana murna cewa tsohon yana cikin hayyacinsa. To bari in gaya maka, ranar da ka ba shi labarin 'yarka Minori ta karye a hannu, “eh, madalla” ya ce maka, kai kuma ka ɗauka ƙarfafa maka gwiwa yake yi. Bai ji ko kalma ɗaya ba. Ni ce nake zama daga baya in maimaita masa hirar taku da ihu, har matar gidan da ke kusa da mu ta san yawan ɗakunan sabon gidanka.

Kunnen Baba ya tafi, Yaya, ko in ce yana kan hanya. Ni da nake zaune a saman bene shi a ƙasa, shekara guda ke nan ina kallo. Butar shayi ta yi ta fito har ruwan ya ƙone yana zaune kusa da ita yana karanta jarida. Mai kawo saƙo ya daina danna ƙararrawa, sai dai ya zagaya ya ɗaga masa hannu ta taga. Duk wannan da sauƙi. A watan Yuli ya hau keke zai je sayen kifi, ya iso mahaɗar jirgin ƙasa ta bayan makaranta, ƙararrawa tana ta bugawa, sandar tana saukowa, shi kuwa ya sunkuyar da kai yana tuƙi abinsa. Matar da ke sayar da awara a bakin wurin ce ta yi wuf ta riƙe masa kariyar keken ta baya, suka zube tare. Ita ta goge gwiwar hannu, shi ya tashi yana faɗa, wai ƙararrawar ce ta lalace, kuma sai ya rubuta wa hukumar jirgin takardar ƙorafi. Ya rubuta ɗin. Ni aka ba in kai gidan waya, tana nan cikin jakata har yau.

Tun daga ranar nake binsa ya je wurin likitan kunne. Amsarsa ɗaya ce. Wai shi Genzo, da ya yi shekara arba'in da ɗaya yana saita sautin piyano a masana'anta, wanda ake kawo wa abin da injin ya ce ya yi daidai ya saurara ya ce a mayar, shi za a kai wa wani yaron likita ya duba masa kunne? Wai mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana, kowa sai ƙunƙuni kamar an sa masa tuwon shinkafa a kumatu. In na matsa sai ya ce, “Farfesa, koma ajinki ki koya wa yara lissafi.” Farfesa yake kirana in yana son ya ɓata mini rai, ya san sarai ban kai matsayin ba.

Ana cikin haka kunshinka ya iso. Na san da kyakkyawar niyya ka aiko, shi ya sa ma abin ya fi ba ni haushi, domin babu inda zan kama ka. Tun rasuwar Mama da ya ciro tsohuwar jitarsa ta lantarki daga bayan kabad, ka san sabon aikinsa shi ne haɗa 'yan akwatunan nan da ake takawa da ƙafa su sauya muryar jita. Teburin cin abinci ya zama na dalma da guntayen waya, gidan kullum ƙaurin liki. Na wannan karon aikinsa shi ne ya shaƙe muryar jitar ta riƙa gurnani. Ka duba fa, mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana cire datti daga sauti, yanzu ya zauna yana zuba shi da gangan. Kai kuma sai ka tsinto masa tsofaffin dayod guda biyu a kasuwar gwanjo, 'yan ƙwayoyin gilashi kamar ƙwayar shinkafa masu gashin waya gaba da baya, ka naɗe su a auduga kamar ƙwan tsuntsu, ka ce na rediyon zamanin kakanni ne, irinsu ba a yi kuma. Ka haɗo da zanen hannunka, da rula da komai, na yadda zai sa makunni ya riƙa sauyawa tsakaninsu da sababbin da ake sayarwa cike da leda. Makunni mai ƙafa shida a bayansa, jeri uku, da ɗan hannu a gaba. Ka zana tsofaffin a ƙafafun sama, sababbin a na ƙasa, ka ja kibiya ka rubuta: hannu sama tsoho, hannu ƙasa sabo.

Kwana huɗu ya yi a kansa. Da ya gama ya ɗauko burushin rubutu da tawada, ya rubuta “tsoho” a sama da “sabo” a ƙasa da irin rubutun da yake yi wa katin sabuwar shekara, ya shafa mai ya bar shi ya bushe. Daga nan muka shiga uku. Ya ɗaga hannun sama ya kaɗa jita, ya lumshe ido, wai ka ji jiki, ka ji cika, ka ji yadda ake yin abu lokacin da mutane suke da kunya. Ya mayar ƙasa, ya yamutsa fuska, wai wannan kamar an rufa wa lasifika jiƙaƙƙen tawul. Ya kira abokinsa tsoho Kuwabara, wanda suke kiɗa tare a zauren unguwa, shi ma ya zo ya zauna ya gyaɗa kai ya ce ai ko jariri ya ji bambanci. Kuwabara, in ka manta, shi ne wanda jikarsa ke rubuta masa saƙo a allo in tana son ya ci abinci.

Baba ne ya kawo shawarar gwaji, ba ni ba. Wata safiya na sake tayar da maganar likita, sai ya ajiye sandunan cin abincinsa ya ce to mu yi ta ta ƙare. Wai in gwada shi yadda nake so, irin gwajin da nake koya wa ɗalibai. Ya juya baya, ni in riƙa sauya makunnin, shi ya faɗi wanne ne. In ya kuskure ko sau ɗaya, ranar zai bi ni asibiti bai ce uffan ba. In bai kuskure ba, kada in sake ambaton kunne a gidan nan har ya bi Mama. Na amince nan take. A raina na ce mutumin da bai ji jirgin ƙasa ba, ƙwayar shinkafa zai ji?

Na shirya abin kamar zan kai shi gaban kwamitin jami'a. Na jefa kwabo sau ashirin na rubuta jerin a takarda, kada hannuna ya bi wani tsari da zai gane. Na kafa kwalin firiji tsakaninmu. Na sa Tatsuro ya fita daga ɗakin domin fuskarsa ba ta iya riƙe sirri. Gwaggo Tomie ce shaida, ta zo da sandarta da ledar gasasshen biskit na shinkafa, ta zauna tana taunawa ƙaras ƙaras, tana ce masa, “Kaɗa mu ji, kurma, yau asirinka zai tonu.” Shi kuma ya ce mata ta dai kula da haƙoran, na aro ne. Wannan ya ji, ka lura. Zagi ba ya wuce shi.

Yaya, ashirin cikin ashirin. Ko jinkiri ba ya yi. Ya kaɗa sau ɗaya ya ce tsoho, ya kaɗa ya ce sabo, a na goma sha biyar ma har hamma ya yi. Na san lissafin, a ce mutum ya yi wannan da sa'a kawai, sau ɗaya ne cikin fiye da miliyan. Na zauna bayan kwalin da takardata ina jin kamar ɗalibar da aka kama da satar amsa. Gwaggo ta karkaɗe siket ta ce to ita dai ta shaida, ƙanenta ba kurma ba ne, iskanci ne kawai yake damunsa, shi kuwa ba a kai shi asibiti. Baba ya miƙe ya rusuna mini har ƙasa, wai ya gode wa jami'a da ta ba shi wannan dama. Mako uku ya yi yana ba da labarin. Mai kifi ya ji, mai aski ya ji, matar awarar da ta cece shi ma sai da ya je ya gaya mata. Kuma ya ci gaba da hawa kekensa ta mahaɗar nan kullum, ni kuma na riga na ba da alkawari, bakina a ɗaure.

Abin da ya tona maganar ba wayona ba ne, salatif ne mai arha. Zanenka Baba ya manna shi a bango tun ranar da ya iso. Wata Asabar yana zauren unguwa ina share ɗakin, salatif ɗin ya saki, takardar ta faɗo ta kife. A bayanta, can ƙasa, da ɗan mitsitsin rubutunka da ko mai ido biyu sai ya matso, ka rubuta cewa kada Baba ya yi mamaki in ya ji ƙarar ta ragu a kan tsofaffin, haka suke, muryarsu ta fi sanyi da laushi, sababbin ne masu ƙarfi da kaifi. Wa yake rubuta abu mafi muhimmanci a bayan takarda, Yaya? Na karanta sau uku. Ni da kunnena na ji, na saman ne mai ƙarfi, har gilashin taga yake girgizawa. Na ƙasan ne mai sanyi.

Na kwance bayan akwatin. Likin Baba tsaf, kowane ɗigo kamar an auna, tsofaffin a ƙafafun sama, sababbin a na ƙasa, daidai da zanenka. Sai na buɗe aljihun tebur na ciro 'yar mitar gwajin waya, wadda in ka taɓa bakunanta biyu a wuraren da suke haɗe take yin ɗan tsuwwa. Da na ɗauko ta na tuna ya taɓa ce mini ya sayi mita an cuce shi, ba ta ƙara. Na haɗa bakunan. Ta yi tsiii, siririyar ƙara, tsaf da ita. Na ɗaga hannun makunnin sama na gwada ƙafafun. Ka san abin da na samu, ko in ce ya kamata ka sani, kai da ka karanta injiniya shekara shida Mama tana yi maka addu'a a kowane wurin bauta da ke garin nan. Irin wannan makunnin a ciki kamar lilon yara yake, in hannu ya yi sama, ƙafafun ƙasa yake haɗawa. Kibiyarka a juye take. Mako uku Baba yana lumshe ido yana yabon na cikin leda, yana zagin ƙwan tsuntsunka da jiƙaƙƙen tawul. Bai zaɓi tsoho ba, bai zaɓi sabo ba. Ya zaɓi wanda yake iya ji. Ni kuma da digirina biyu na tsara gwaji mara aibu, na tabbatar wa duniya cewa mahaifina yana bambanta ƙara mai ƙarfi da mara ƙarfi.

Na kira Gwaggo. Ta yi dariya har sai da ta ajiye wayar ta dawo. Shawararta ita ce in bari sai ranar da suke kiɗa a zaure, in tashi gaban Kuwabara da sauran tsofaffin in karanta bayan takardar da ƙarfi, wai tun yana ɗan shekara biyar take jiran wannan rana. Tatsuro kuwa ya ce in mayar da murfin in manta, wai mutum ya ci nasara a bar masa kayarsa. Haka yake, in gida ya kama da wuta zai fara tambaya ko wutar ta damu wani. Ban bi ko ɗayansu ba. Abin da na yi ya fi nasu muni, kuma na sani. Na ɗauki filaya na sassauta notin da ya riƙe makunnin, na juya shi gaba ɗaya, samansa ya koma ƙasa, na ɗaure na rufe. Yanzu rubutun ya zama gaskiya, sama tsoho, ƙasa sabo. Na gaya wa kaina ai gyara na yi, ban yi ƙarya ba, ban karya alkawari ba, kalmar kunne ba ta fito daga bakina ba. Mutum in ya yi karatu da yawa ba ya rasa yadda zai wanke kansa.

Washegari bayan ya karya kumallo na ji shi daga sama. Ya kaɗa sau ɗaya, sai shiru. Ya sake. Na ji ƙas ɗin makunnin sau wajen goma, sama, ƙasa, sama, ƙasa. Daga nan ya murɗa lasifikar har kwanukan kicin suka amsa, sannan ya kashe. Na sauko ina jiran faɗa, na ma shirya amsoshina. Ban samu faɗa ba. Na same shi zaune da jitar a cinya yana murza kunnensa na dama da yatsa, a hankali, kamar mai lallashin dabba. Da ya gan ni ya sauke hannun da sauri ya ce shayin yau ya yi sanyi. Kwana biyu bai taɓa jitar ba. Shinkafarsa rabi yake ci. Na wuce na gan shi zaune gaban hoton Mama. A lokacin na gane abin da ban lissafa ba. Ni na ɗauka zai zargi akwatin. Ashe kansa ya fara zarga. Yana zaton abin da ya fi so a duniya ne ya dusashe masa cikin kwana ɗaya. Shekara guda ina son ya ji tsoro, da ya ji kuma na kasa kallonsa. Ka ga irin aikin da kake bar mini, kana can kana aiko da auduga.

Rana ta uku na yanke shawarar in faɗa masa, na dawo daga aiki da wuri. Ya riga ni. Yana zaune a teburin, akwatin a buɗe gabansa, tabarau a kan hanci, zanenka a kife a gefe. Bai ɗago ba ya ce wane jaki ne ya kama notin nan da filaya ba tare da ya naɗa tsumma ba, ga shi duk an ƙwarzane masa fenti. Ya ce wayoyin ciki kuma an murɗe su kamar igiyar shanya. Wai Tatsuro ba zai yi ba domin ba shi da ƙarfin hali, Gwaggo ba za ta yi ba domin da ta yi da ta buga ganga, saura mutum ɗaya a gidan da ke da ilimi da rashin tarbiyya daidai gwargwado. Na tsaya na ce ni ce. Ya ce ya sani, ba tambaya yake ba.

Sai ya ce in miƙo masa mitar nan da ta lalace. Na miƙa. Ya riƙe bakunan biyu ya haɗa su, amma ba mitar yake kallo ba, fuskata yake kallo. Ɗakin ya cika da tsuwwar nan. Ya ce, “Tana yi?” Na ce tana yi. Ya raba su ya sake haɗawa, ya kai ta dab da kunnen hagu, ya mayar na dama. Ya ce tun yaushe. Na ce ina jin tun ranar da ya saya. Can ya ce shi ya gwada makunnin kafin ya yi liki, kamar yadda kowane mai hankali zai yi, mitar ta yi masa shiru a kowace ƙafa, sai ya jefa ta aljihun tebur ya bi takarda. Ya ce Genzo na shekara goma da suka wuce, kaɗawa ɗaya zai yi ya san an sa wa kaya sunan da ba nasu ba, ko da sarki ne ya rubuta. Ya ajiye mitar ya mayar da ita cikin kwalinta da kyau. Sannan ya tambaye ni yaron likitan nan ranar Alhamis yana aiki ko sai an roƙe shi.

Mun je Alhamis ɗin da ta wuce. Ya sa kwat da taye kamar mai zuwa karɓar lambar yabo. Yaron likita ya tashi mace ce, ta kusa sa'ata, ba ta da lokacin wasa. Aka sa shi cikin ɗan ɗakin gwaji da abin ji a kunne da maɓalli a hannu, in ya ji sauti ya danna. Ina kallonsa ta gilashi. A kan sautuka masu kauri yana dannawa yana harararta, wai wannan ma gwaji ne. Da aka hau sama, yatsan ya tsaya. Ina ganin fitilar injin tana nuna ana sakin sauti, shi yana zaune ƙyam, ya karkata kai, yana jira a fara. Na juya na karanta wata takardar wanke hannu da ke bango har sau huɗu. Sakamakon bai ba kowa mamaki ba: sautuka masu siriri sun tafi a kunnen biyu, na dama ya fi. Ta ce wanda ya tafi ba zai dawo ba, amma na'urar ji za ta taimaka sosai, kuma ya daina hawa keke har a sa masa. Ya saurara, ya gyaɗa kai, ya yi godiya. Muna bakin ƙofa ya juyo ya ce mata, ba don ya koya mata aiki ba, amma sauti na uku da injinta ya fitar ya ɗan sauka ƙasa da inda ya kamata, a nemo wanda zai saita shi. Ta ce a shekara goma sha biyu ba wanda ya taɓa kawo mata wannan ƙara. Ya ce ai kurame take gwadawa. Ranar ashirin da shida za mu koma a gwada masa na'urar, makullin keken kuma yana hannuna, shi da kansa ya ba ni.

A hanyar dawowa cikin bas na yi tsammanin zai ce wani abu game da ni. Ba godiya ba, na san gidan da na fito. Ko da faɗa ne. Ya yi ta kallon taga har muka wuce gada, sannan ya matso ya ce, da muryar da yake zaton raɗa ce, wadda direba ma ya ji, kada in kuskura in gaya wa Shinpei. Wai yaron nan ya sha yawo a kasuwa kafin ya samo ƙwayoyin, ya zauna da rula ya yi zane saboda ubansa, ga aiki ga iyali, in ya ji kibiyarsa ce ta jawo wannan ba zai yi barci ba. Wai laifin nasa ne, shi ya yi likin. Yaron nan, Yaya. Shekararka hamsin da ɗaya, kanka ya fara sanƙo. Ni da na kwashe shekara ina ihu a kunnensa, na jefa kwabo, na kama filaya, na ɗauki hutun aiki, abin da na samu shi ne in sayo fenti baƙi in gyara inda na ƙwarzane. Na ce masa to. Kuma ban gaya maka ba, rubutowa na yi.

Saboda haka ga abin da nake so da kai. Ranar Lahadi in ka kira, ba ka san komai ba. Ka kunna bidiyo, ka fuskanci wayar, ka yi magana a hankali yadda zai ga bakinka. Maganar asibiti ka bari ya kawo da kansa, in ya kawo kada ka yi murna da yawa. Sannan ka tambaye shi labarin akwatin, domin yana jira. Zai ce maka zanenka babu kuskure ko ɗaya, zai ce tsofaffin da ka aiko babu kamarsu, har ya yi gwajin faɗin haka a gabana jiya ya ga ko fuskarsa za ta nuna. Ka karɓi yabon, ka ce ka ji daɗi, ka haɗiye sauran. Hukuncinka ke nan, kuma ina nan zaune a gefe ina kallonka.

Ka gaishe mini da Anti Kanae, ka ce na gode da safar da ta saƙa wa Baba, yana sawa amma ba zai faɗa ba. Ka shafa mini kan Minori, Allah ya sa hannun ya warke sarai, ka ce wa ɗan'uwanta Itsuki ina jiran hoton da ya yi mini alkawari. Tatsuro yana gaisuwa. Gwaggo Tomie ta ce in gaishe ka, ta ƙara da wata magana game da makarantar da ka yi wadda ba zan sa a takarda ba. Allah ya tsare ku, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙanwarka,
Chizuru